Ɗan Kunnen Loza

Shekara arba'in da ɗaya Ustaz Fikri ya yi a bene na uku a unguwar Shubra ta Alƙahira, kuma a duk tsawon wannan zama ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana da kare. Can ba a irin wannan tambayar. Karnuka suna nan a ƙarƙashin motoci kamar yadda maguna suke a bakin shagon mai kifi, kowa ya san su, ba na kowa ba ne. Loza ɗaya ce daga cikinsu: baladi ce tsantsa, wato karyar gari, 'yar titi jikar 'yar titi, launin ƙasa, kunnuwa a tsaye, wutsiya a nannaɗe. In ka leƙa ƙarƙashin mota goma a Alƙahira za ka ga irinta a bakwai.

Bayan rasuwar matarsa, Hajja Nagat, aka fara ganinsu tare. Da a ce za ka tambaye shi yadda abin ya soma, ba zai iya faɗa ba. Ya dai san cewa a makon da masu ta'aziyya suka watse, ya sauko sayen gurasa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, sai ya ga karya tana bin sa a baya. Ya gutsura mata gefen gurasa don ta rabu da shi. Kashegari ya same ta a bakin matakala tana jira. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Dattijon da ya yi ritaya yana shugaban sashe a ma'aikatar jirgin ƙasa, wanda da can ko gaisuwar ƙananan ma'aikata da kai yake amsawa, sai ga shi yana tafe yana ba karya labarin tsadar tumatir.

A shekara ta biyu wasu matasan likitocin dabbobi suka zo da mota suka kwashe karnukan layin. Bayan kwana uku suka dawo da su, an yi musu allurar haukan kare da aikin hana haihuwa, kowanne an maƙala masa wata 'yar roba rawaya mai lamba a kunne. Duk wanda ke yawo a garin nan ya san ma'anarta: wannan an duba shi, ba ya cutarwa, a ƙyale shi inda yake. Ammu Gabir, wato Baffa Gabir, mai dafaffen wake, da ya ga Loza ta dawo tana kaɗa kai, ya daki tukunyarsa da ludayi ya ce, “To, Ustaz, an sa wa amarya ɗan kunne, saura ka kawo sadaki.” Daga ranar sunan ya bi abin, kowa ɗan kunne yake cewa.

Gwiwa ce ta raba shi da Shubra. Matakala sittin da biyu, safe da yamma, ta fi ƙarfin ɗan shekara saba'in. 'Yarsa Nirmin da mijinta Hazim suka samar masa gida a ƙasa, mai ɗan lambu, a cikin unguwarsu mai katanga da masu gadi, can gabas kan hanyar Suwais. Ya yi ta ja, har dai ya sauko, amma da sharaɗi ɗaya.

“Baba, karyar titi?” in ji Nirmin. “Ka san ko ina za ka? In kare kake so, Hazim zai samo maka mai asali, da takardunsa.”

“Ni ma ba ni da takardun,” in ji shi. “In ba ta shiga motar nan ba, ni ma ban shiga.”

Haka Loza ta bar Shubra a bayan motar kaya, tsakanin firiji da katifa.

Sabuwar unguwar tana da al'adarta. Da an yi la'asar, rana ta yi sanyi, sai mutane su fito da karnukansu kan hanyar da ta zagaye filin ciyawa. In biyu suka haɗu, ba a tambayar lafiya ko iyali tukuna, abin da ake fara cewa shi ne, “Wane iri ne?” Sai a jero maka asalin kare har kakansa na uku, da ƙasar da aka haifi uwarsa, alhali mai maganar in ka matsa masa ba lallai ya kawo sunan kakan kakansa ba. Akwai masu gashi har ƙasa, akwai ƙanana kamar tsumman goge tebur da ake ɗauka a hammata, akwai waɗanda aka ɗebo daga ƙasashen ƙanƙara aka kawo su zafin watan Agusta suna haki, harshe a waje. Irin waɗannan ɗakinsu daban ne da na'urar sanyi, wadda ɗakin maigadi ba shi da ita.

Ustaz Fikri ya goge takalminsa, ya sa kwat, ya fito da Loza a igiya, yana ganin ai shi ma ya shigo gari. Ba a yi kwana uku ba ya gane inda idanun mutane suke sauka. Ba fuskarsa suke kallo ba, kunnenta suke kallo. Wata mata mai baƙin tabarau ta hango robar nan rawaya, ta sunkuya ta sure ɗan farin karenta, ta ce da ƙawarta, ba ma a hankali ba, “Ta titi ce fa. Ko wa ya bar su suka shigo.”

Su. Wannan kalmar ce ta tsaya masa a rai. Ya koma gida yana juya ta, bai san ko karnuka take nufi ba ko kuwa har da shi. A zauren waya na mazauna unguwar kuma aka yi ta rubuce-rubuce kan “masu kawo mana ɗabi'un tsofaffin unguwanni.” Ba a kama suna ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya ce Hazim ya kashe masa ƙarar zauren, daga nan bai ƙara buɗe shi ba.

A gaskiya ba kowa ne ya ƙi shi ba. Ammu Sha'aban, dattijon maigadi mutumin kudu da ke babbar ƙofa, tun ranar farko ya ɗauki Loza tamkar 'yar garinsu. Ita kuwa ba ta bar halinta na Shubra ba: kullum da sassafe sai ta zame wuyanta daga duk abin da aka ɗaura mata, ta bi ta wata kafa a shingen furanni, ta yi zagayenta, ta je ta karɓi gurasa jiƙe da shayi wajen maigadi, ta dawo kafin Ustaz ya gama karin kumallo. Amma ƙaunar maigadi ba ita Ustaz Fikri yake nema ba, kuma wannan shi ne abin da daga baya ya fi cin sa.

Wanda yake so ya san shi, Injiniya Sarwat ne, maƙwabcinsa na gida na huɗu, mutum mai furfura da fara'a, wanda kowa ke miƙe wa in ya zo wucewa. Yana da wani ƙaton kare mai shuɗin ido da ake kira Ƙaisar. Wata yamma suka yi kiciɓis a bakin benci, Injiniya ya tsaya ya miƙa hannu.

“Barka da yamma, ya Ustaz. An ce mini daga jirgin ƙasa kake. Mun yi maƙwabci.” Ya dubi Loza. “Wannan fa?”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma Ustaz Fikri ya riga ya ji tambayar unguwar sau ashirin, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

“Irin na Fir'auna ce,” in ji shi. “Waɗanda ake gani a zane jikin bangon kaburbura. Sun yi ƙaranci yanzu, da wuya ake samu.”

“Ma sha Allah,” in ji Injiniya Sarwat. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, idonsa ya sauka kan kunnen, ya ɗan daɗe a wurin, sannan ya yi murmushi ya ce sai an jima.

Wannan kallon ya hana dattijo sakat. Ya yi ƙarya, ga kuma shaida tana reto a kunnen karya, rawaya shar, ana hango ta daga nesa. Da safiyar Talata ya buɗe akwatin kayan gyaransa ya ɗauko filaya. Ya zauna a kujerar lambu ya kira ta. Ta zo da gudu, ta ɗora haɓarta a gwiwarsa mai ciwon nan kamar yadda ta saba, ta lumshe ido. Robar tana da tauri, sai da ya matsa sau uku. A na ukun ta yi 'yar ƙara, jini ya ɗigo a wandonsa, amma ba ta janye kai ba. Da ya gama sai ta lashi hannun da ke riƙe da filayar. Ya naɗe robar a takarda ya jefa a shara, ko lambar bai duba ba, ya je ya wanke hannu.

Kwana biyu ya tsare ta a cikin gida don kunnen ya warke, ya toshe kafar shingen da tukunyar fure. Ya aika aka sayo mata abin wuya na jar fata mai ƙarfe. Da ya sa mata ya ja baya ya kalle ta, har ya ji daɗi. Wallahi ta yi kama da na zanen.

Abin da bai sani ba, domin ya daina karanta zauren, shi ne an kwana uku ana sanarwa. Karnuka daga wuraren gine-gine na bayan katanga sun yi yawa, masu kula da unguwa sun ɗauko wasu mutane da mota, za su zo ranar Alhamis da sassafe su kwashe. Mai kare ya tsare karensa. Masu alama a kunne ba za a taɓa su ba, haka aka yi yarjejeniya da likitocin dabbobi.

Ranar Alhamis ya idar da sallar asuba, ya ɗora shayi, ya leƙa lambu. Tukunyar furen tana kwance a gefe, jan abin wuyan yana rataye a reshen shinge. Bai damu ba, har ya yi dariya ya ce 'yar banza ta gaji da kulle. Ya sha shayinsa. Ya karanta jarida har shafin masu rasuwa. Sai da ƙarfe tara ta wuce, gurasar da ya ajiye mata ta bushe a faranti, sannan ya ɗauki sandarsa ya nufi babbar ƙofa.

“Ammu Sha'aban, baƙuwarka ba ta zo ba yau?”

“Yau kwana uku ban gan ta ba, ya Basha, har na ce ko ta yi fushi da shayina ne.” Da maigadin ya ga fuskar Ustaz sai ya miƙe. “In don motar nan ta safe ce, kwantar da hankalinka. Da bakina na ce wa direban, akwai karyar wani bawan Allah a cikin unguwar nan, mai ɗan kunne rawaya, tana yawonta ita kaɗai. Ya ce ai masu ɗan kunne ko kallonsu ba sa yi. Ga shaida can.”

Ya nuna inuwar katanga. Karnuka uku ne kwance, na titi, masu ƙashin haƙarƙari a waje, kowanne da robarsa rawaya, suna barcinsu hankali kwance.

“Wace mota?” in ji Ustaz Fikri.

Maigadi ya faɗa masa. Ya ce shi da kansa ya buɗe musu ƙofa suka fita wajen bakwai, motar a rufe, ana jin kuka a ciki. Sannan ya dube shi da kyau ya ce, “Ɗan kunnen nata yana nan dai, ko?”

Ustaz Fikri ya nemi kujerar maigadin ya zauna.

Hazim ya baro wurin aiki ya zo. Bayan waya biyar aka samu direban, ya ce su ba sa kashewa, Allah ya kiyaye, suna dai kai su nesa ne su sake. Yau sun sauke a wani wurin zubar da ɓaraguzan gini, can cikin hamada, kilomita talatin da wani abu daga kwalta ta ƙarshe. Ko ya ga wata mai launin ƙasa, kunne a tsaye, wutsiya a nannaɗe? Direban ya yi dariya ya ce, “Ya Basha, ai duka ka kwatanta.”

Da azahar suka isa. Tulin bulo fasasshe ne da ƙarafa iya ganinka, ba bishiya, ba ruwa, rana kamar ta sauko ƙasa. Ustaz Fikri ya fito da kwat ɗinsa da sandarsa yana kiran sunanta. Kawuna suka fara ɗagowa daga bayan tulin, ɗaya, biyar, ashirin, duk launin ƙasa, duk kunnuwa a tsaye. Wasu suka matso suna kaɗa wutsiya don sun ga mutum, wasu suka tsaya nesa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba kunnen hagu, ko zai ga ɗan ramin da filayarsa ta bari. Har muryarsa ta dushe. Hazim, wanda bai taɓa son karyar ba, ya juye musu duk ruwan da ke motar a murfin bokiti.

Kwana shida yana komawa, da hayar mota, da jarkokin ruwa da buhun busasshiyar gurasa. A rana ta huɗu Nirmin ta samo masa lambar wayar likitar da ta jagoranci aikin Shubra, wata Dakta Mirfat.

“Kada ka damu, Ammu,” in ji ta. “Muna da mutane ko'ina, har direbobin tifa suna kiranmu in sun ga mai alama a inda bai kamata ba. Faɗa mini lambar da ke kunnenta.”

“Ban riƙe ba, 'yata.”

“Ba komai, zan duba littafin Shubra. Muddin alamar tana jikinta za a gan ta.”

“Na cire.”

“Ciwo ta yi mata?” in ji likitar.

“A'a.”

Ba ta tambaye shi dalili ba, kuma da ta tambaya da ya fi masa sauƙi. Ta ce za ta sa hoton a wurarensu, Allah ya sa a dace. Daga muryarta ya gane cewa ta faɗa ne kawai don kada ta bar tsoho hannu rabbana.

A rana ta bakwai gwiwar ta kumbura, likita ya hana shi fita. Nirmin ta zo da hotunan 'yan kwikwiyo a wayarta, masu gashin zinariya, da takardunsu, ta ce ya zaɓa. Ya ce ta mayar da wayarta jaka. Ba fushi yake da ita ba. Ba ya ma fushi da matar nan mai tabarau, ko masu mota, ko masu rubutu a zaure. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifin ya rasa, domin duk ta inda ya bi da lissafin, a kan kujerar lambu yake ƙarewa, da kanta a gwiwarsa. Karya ta bi shi lokacin da ba shi da kowa, ba ta tambayi asalinsa ba, shi kuwa ya ji kunyarta a gaban mutanen da ko sunansa ba su riƙe ba. Da-na-sani ƙeya ce, kuma tasa ta yi nauyin da ba ya iya ɗaga kai.

Sai bayan mako uku ya sake fitowa da la'asar, shi kaɗai, ya zauna a benci. Ba a jima ba Injiniya Sarwat ya iso, Ƙaisar yana jan sa yana haki. Ya zauna kusa da shi, ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa tana hannu nagari.

Ustaz Fikri ya juyo ya fuskance shi. “Injiniya, akwai abin da nake so in sauke. Ƙarya na yi maka ran nan. Ba wani Fir'auna. Baladi ce, a ƙarƙashin mota na same ta a Shubra.”

Injiniya Sarwat ya yi 'yar dariya mai taushi, ya dafa masa kafaɗa. “Haba, ya Ustaz. Ni fa a Imbaba aka haife ni, unguwar talakawa, gidanmu yana kallon mahauta. Akwai ɗan ƙasar nan da zai ga baladi bai gane ta ba? Tun daga can nesa na san ta. Kowa ma ya sani.” Ya nuna Ƙaisar da haɓa. “Wannan masifar ta ɗana ce, ya saya don abokansa su gani, ya tafi ƙasar waje ya bar ni da kuɗin wuta. Da za a ba ni zaɓi, taka zan ɗauka.”

“Amma ka kalli kunnenta,” in ji Ustaz Fikri. “Ka daɗe kana kallo.”

“Na kalla mana. Akwai wata karya a wurin ginin da nake dubawa, ta haifi shida, leburori suna ciyar da su, ina tsoron ranar da za a zo kwasa. Da na ga alamar sai na ce alhamdu lillahi, ga wanda zai faɗa mini inda ake yi. Har na buɗe baki, sai na tuna ka ce Fir'auna. To, ka ga ai ba na kunyata dattijo ranar da muka fara gaisawa ba.” Ya gyara zama. “Har yanzu ban samu ba, wallahi. Ko kana da lambar wayar masu sa alamar?”

Ustaz Fikri ya sa hannu a aljihun kwat ya ciro wayarsa. Ya nemo sunan Dakta Mirfat, ya nisanta wayar daga idonsa, ya fara karanto lambar. Rubutun ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sau biyu yana kuskure yana komawa farko, Injiniya yana jira da biro a hannu.